Birkin Gefen Kaka

"Lafiya ƙalau nake, har zuwa lokacin da na ji muryarka."

"To madalla. Ya ƙarfin jiki?"

"Ya fi naka. Ya gajiyar zaman banza?"

"Tana gaishe ka. Ta ce a gaya wa shugaba an kwana biyu bai leƙo taro ba."

Haka kakana ya tarbe ni a bakin rumfar da yake ajiye motarsa. Mahaifin babana ne, kuma tun ina rarrafe ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Kowa a gidan Totur yake ce masa, don a zamaninsa in ya ɗora ƙafa a kan totur ba ya ɗagawa sai ya hango ƙofar gida. Ni kuma Lagwani yake ce mini, wai tun ina yaro babu ƙashi a jikina.

Tun hantsi hadari ya haɗu, amma ya ƙi zubowa. Rana tsaka ce, sai ka ce an kusa magariba. Ko ganye ba ya motsi, kajin maƙwabta duk sun shige akurki, ga shi an ɗauke wuta. Cikin rumfar babu haske sai ɗan abin da ke shigowa ta ƙofa.

Gwaggona da ke zaune da shi ita ta kira ni a waya. Ta ce motar tana kukan ƙarfe duk sanda za ta tsaya. Sannan ta rage murya ta ce, "In ka gama gyaran, ka san dabarar da za ka raba shi da makullin. Likita ya ce idon ya tafi, shi kuwa kullum la'asar sai ya fita. Babanka ya yi faɗa, ni na yi kuka, ya ce sai dai a zaro shi daga aljihun gawarsa. Kai kaɗai kake gaya masa magana ya yi dariya." Da na iso ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta, ta bar mu mu biyu a gidan.

Inda yake zuwa kuwa kowa ya sani. Bakin maƙabarta yake tsayawa, inda aka kai kakata bara, ya kashe mota ya zauna a ciki har rana ta yi sanyi.

Na sauke kwalaye a gabansa. Ya miƙa hannu ya lalubi na sama, ya zaro sabon faifan birki, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Wannan kuma murfin tukunyar wa ka sato?"

"Faifai ne sabo fil. Mai kayan gyara sai da ya shiga can ƙuryar shago da tocila kafin ya samo irin na motarka. Ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana goye."

"Ƙarya yake. Motar nan da ƙarfen jirgin ruwa aka ƙera ta."

"Shi ya sa take zubar da ruwa."

"Ja'iri. Ranar da na sayo ta ubanka ko wando bai fara sawa ba."

"Ai na gani. Tsatsa ce kawai take riƙe da ita, in aka kankare sai mu kwashe ta a buhu."

Ya jawo kujerarsa ta roba ya zauna kusa da hancin motar. Ina jin makullin yana ƙara a aljihun rigarsa. Ni ba bakanike ba ne, amma na daɗe ina zama a garejin wani abokina, kuma canjin birki na yi shi ba sau ɗaya ba. Na tokare tayoyin baya da bulo, na sassauta notocin tayar gaba ta gefen direba, na ɗaga da jak, na tura tayar da na cire ƙarƙashin motar don ko jak ya zame. Na buɗe bonet na cire murfin man birki.

Gefen direba bai ba ni wahala ba. Na kwance kalifa, wato ƙarfen nan da ke rungume da faifan, na rataye shi da waya don kada ya ja tiyo. Na zaro fad guda biyu, su ne ke matse faifan in an taka birki. Sai na ga ko rabi ba su ci ba.

"Totur, wannan gefen naka ai kamar ba a taɓa amfani da shi ba."

"To me ka ɗauka? Direban gaske ba ya taka birki. Birki na matsorata ne da 'yan koyo."

"Da me kake tsayawa?"

"Da kwarjini. In na harari hanya da kanta take ƙarewa."

"Har katangar makaranta ma da kwarjini ka tsaya a jikinta?"

"Katangar ce ta taso. Akwai shaidu."

Na mayar da fistin, wato ƙarfen da ke turo fad in an taka birki, ciki da matsi, ya koma sumul. Na goge sabon faifan, na sa, na jera sababbin fad, na ɗaure. Na mayar da taya na sauke jak. Da na jawo shi zan zagaya ɗaya gefen, sai tsohon ya sa sandarsa ya tare ni.

"Ka gama ai. Tattara ka tafi."

"Na gama rabi."

"Rabin ya isa. Wancan gefen lafiyarsa ƙalau."

"Daga can kukan yake fitowa. Kuma ba a canja gefe ɗaya a bar ɗaya, motar za ta riƙa fizga."

"Ba gefenka ba ne, ba kuma gefena ba ne. Gefen matata ne."

"Matata dai. Aro na ba ka, ka riƙe har ka manta da mai ita."

"Kai? Kai da ta wanke wa kashi?"

"So ne ya kawo haka. Kai ta taɓa wanke maka?"

"Allah ya shirye ka."

"Da bakinta ta ce mini haƙuri take yi da kai kafin in girma."

Ya yi dariya, amma bai janye sandar ba sai da na ɗage ta da hannuna.

Kakata ba ta taɓa koyon tuƙi ba. Amma duk tsawon zamansu ba ya fita da motar nan ba tare da ita a gefensa ba, kuma tun daga ƙofar gida take fara cewa, "A hankali. A hankali." Har sunan ya bi ta, jikoki duk A-Hankali muke ce mata. Ba da baki kawai take yi ba. In ta hango kwana, ko babbar mota, ko akuya, sai ta miƙe ƙafar dama ta danna ƙasan motar da dukkan ƙarfinta, kamar akwai birki a wurin. Tun muna yara muke leƙawa muna dariya. Diddigenta ya cinye shimfiɗar roba, ya cinye kafet ɗin da ke ƙarƙashi, har ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Ramin yana nan. Kujerar ma tana nan yadda ta matso da ita gaba daidai tsawonta, babu wanda ya isa ya taɓa.

Na ɗaga gefenta, na cire tayar. Na haska da wayata.

Faifan ya yi shuɗi-shuɗi kamar ƙarfen da aka gasa a wuta, duk ya yi zane-zane masu zurfi. Na kai hannu zan shafa, sai na janye da sauri.

"Me ya cije ka?" in ji Totur.

"Yaushe ka fita da motar nan?"

"Jiya da la'asar."

"Yau fa?"

"Gwaggonka ta zauna a bakin ƙofa tun asuba kamar mai gadin banki. Ta ina zan fita?"

Na sake taɓawa da bayan hannu. Da ɗumi. Ba zafi mai ƙuna ba, ɗumi irin na kujerar da mutum ya tashi a kai yanzu. Na zagaya na taɓa tsohon faifan da na cire daga gefen direba, sanyi ƙalau.

"Rana ce ta doke shi," na ce.

"Wace ranar?"

Na dubi waje. Hadarin ya ƙara sauka ƙasa, ya yi baƙi ƙirin.

Ƙusoshin kalifa na wannan gefen sun ƙi motsi. Sai da na zura bututu a kan sifana na taka da ƙafa kafin na farko ya yi ƙara ya saki. Da na zaro fad ɗin, babu komai a jikinsu sai ƙarfe. Sun cinye tas, kuma a karkace, baya ya fi gaba cinyewa.

"Ba ni nan," in ji shi.

Na miƙa masa. Ya bi shi da babban yatsa daga wannan baki zuwa wancan, a hankali.

"Haka takalmanta suke cinyewa. Ta diddige, ta waje. Je ka bayan ƙofar ɗakina ka duba, suna nan."

"Ƙusar da kalifa ke zamewa a kai ce ta bushe, babu giris. Shi ya sa ya maƙale yana ta gogar faifan."

"Ƙusa."

"Ƙusa mana. Kowane bakanike zai gaya maka."

"To ƙusar ce take cewa a hankali?"

"Totur, kar ka fara. Tsufa ne yake maka rediyo a kunne."

"Ni da kai wa ya fi wani tsufa? Dube ka, tun yanzu muryarka tana rawa."

"Yunwa ce. Gidan marowata na zo."

Na rataye kalifan, na doki tsohon faifan da guduma har tsatsar ta sake shi, na zare, na kankare wurin na sa sabo. Na juya shi da hannu don in ga ko ya zauna daidai. Ya yi ta juyawa shiru, gwanin sha'awa. Sai ya tsaya cak.

Ba raguwa ya yi ba har ya tsaya. Tsayawa ya yi lokaci ɗaya, kamar an dafe shi. Kalifan kuwa yana can a rataye da waya, babu abin da ke taɓa faifan.

Na sake juyawa, ya sake tsayawa.

"Ƙasa ce ta shiga," na ce, ko da yake bai tambaye ni ba.

"Uhm," in ji shi.

Na ɗauko matsi, na ɗora tsohon fad a kan fistin, na fara murɗawa don in mayar da shi ciki, in samu wurin da sababbin za su shiga. Ya tafi kaɗan, ya tsaya. Na ƙara ƙarfi. Sai na ji hannun matsin yana dawowa a tafina. Fistin ɗin turowa yake yi. A hankali, amma da ƙarfi, kamar mutum ya jingina da ƙofa ta ciki.

Abu ɗaya ne yake turo fistin waje: a taka birki.

"Totur, sauke ƙafarka daga kan birkin nan!"

"Lagwani, juyo ka dube ni."

Na juya. Yana zaune a kujerarsa ta roba, ƙafafunsa biyu a miƙe a kan siminti, sanda a cinya. Ƙofofin motar duk a rufe. A bayan motar kuma, can ƙarshen rumfar, bangon ya yi ja. Fitilun birki na baya ne suka kama.

Na daɗe ina kallon bangon. Ƙanshin turaren nan nata, mai kama da lemon tsami da itace, wanda na ɗauka daga kafet yake fitowa, ya cika rumfar har ya danne warin man birki.

"Makunnin fitilar ne ya maƙale," na ce. "Yana yi a tsofaffin motoci."

"Ta kama ko?"

"Ba ka gani ba?"

Fitilar ta rina bangon gaba ɗaya, shi kuma fuskarsa tana wajen, bai gani ba. Nan na gane abin da likita yake nufi.

"Zauna, Lagwani," ya ce. "Tunda kai ne mai kunne a gidan nan."

Na zauna a kan tayar da ke gefe. Ban saki matsin ba, ina jin abin yana turo shi.

"Kwanan baya ina gangaren nan na wajen gidan mai. Ka san shi. Ƙafata tana kan totur, ina tafiyata. Sai motar ta durƙusa ta gefen nan, ta ja dama ta tsaya, har goshina ya doki sitiyari. Na ce yau kuma wane iskanci ne. Sai na ji mutane suna salati. Wata mata ce da goyo, tana tsallakawa. Ta dafa bonet da hannunta, Lagwani. Na ji ƙarar awarwaronta a kan ƙarfe. Ban gan ta ba. Har ta wuce ban gan ta ba."

"Totur..."

"Ban gama ba. Ba shi ne na farko ba. Daga hancin motar nan zuwa gaba, hazo kawai nake gani. Hanyar a kaina take, na san kowane rami. Abin da ban sani ba shi ne wanda zai shigo. Wannan ita take gani. Da can da baki take faɗa in yi mata dariya. Yanzu ba ta faɗa, takawa take yi."

"Shi ya sa ka ce in bar gefen."

"In ka sa sababbi, ka shafa giris ɗinka, ka cire ƙafarta daga motar. To wa zai tsaya mini?"

Iska ta ɗan taso ta kaɗa kwanon rumfar, ta sake kwantawa. Na rasa ta inda zan ɓullo masa. In na ce masa ƙusa ce, ya riga ya ji. In na ce ya ba ni makulli, ya ji wannan ma daga bakin waɗanda suka fi ni. Kuma gaskiyar magana, da jar fitilar nan a bango, ni kaina ban san me na yarda da shi ba. Sai na ɗauko fad ɗin da ya cinye, na ɗaga masa kusa da fuska.

"Amma kai dai ba ka da kunya."

"Ni?"

"Kai fa. Na ba ka aron mace lafiyayya. Ka sa ta girki, ka sa ta wanki, ka sa ta renon 'ya'yanka masu taurin kai irin naka. Ka sa ta taka birki har ta huda mota da diddige. Na yi shiru, na ce in ta huta ta huta. Yanzu Allah ya ba ta hutu, ka bi ta can ma ka ɗauke ta aiki?"

"Ni ban kira ta ba. Ita ta biyo ni. Ka san ba ta iya zama in ba ni."

"Ba ta iya zama don ta san halinka. Kowa a maƙabartar nan yana kwance abinsa, ita kaɗai ce kullum la'asar sai ta tashi ta tare maka hanya. Maƙwabtanta ma sun fara magana."

"Me suke cewa?"

"Suna cewa baiwar Allah nan ba ta yi dacen miji ba, ga ƙaramin can mai hankali ta bari."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Na kama hannunsa na ɗora yatsansa a kan ƙarfen.

"Taɓa ka ji. Babu sauran komai. Ƙarfe ne yake cin ƙarfe. Ta taka har ta ƙare, Totur. Faifan da na cire ya kusa tsagewa. Ko na bar shi, ko ban bar shi ba, wata rana za ta taka ta ji babu abin takawa. Ranar kuma wata matar ce da goyo."

Yatsansa yana ta kai da komo a kan fad ɗin. Can ya ce, ba da muryar wasa ba, "Ta gaji ko?"

"Ni dai da matata ce a hannuna, da tuni na ce ta je ta kwanta."

"Matarka."

"Matata."

Ya dafa sanda ya miƙe. Ya bi jikin motar da tafin hannu, daga bonet zuwa madubi, har ya kai tagar gefenta. Gilashin a rufe yake. Ya ƙwanƙwasa da yatsa sau biyu, yadda yake yi in ya gaji da jiranta tana gyara ɗaurin ɗankwali.

"A-Hankali," ya ce. "Ɗaga ƙafar. Ƙaramin mijin naki ya zo da rashin kunyarsa. Ya ce shi zai karɓa."

Babu abin da ya faru.

"Na ji, na ji," ya ce wa gilashin. "Ba zan yi ba. Na ce ba zan yi ba, ko sai na rantse? Ke dai da naci."

Jan da ke bango ya ɗauke.

Hannun matsin ya yi sako-sako a tafina. Na murɗa, fistin ya koma ciki sumul kamar na ɗaya gefen. Ban tsaya tunani ba. Na zaro ƙusoshin na goge su, sun bushe ƙamas kamar yadda na ce, na shafa musu giris. Na jera sababbin fad, na mayar da kalifa, na ɗaure. Na juya faifan, ya yi ta juyawa har ya gaji don kansa. Na taɓa shi, sanyi ƙalau. Ƙanshin turaren ma na neme shi na rasa, sai warin giris da na ƙasar da ke jiran ruwa.

"Hannunka rawa yake yi," in ji Totur. "Ina jin sifana tana kaɗawa."

"Na gaya maka yunwa ce."

"Matsoraci. Mace ɗaya ta tsorata ka, kuma wai kai ne mijin."

"Kai da ka zauna da ita shekara da shekaru ba ka tsoronta?"

"Ni? Har gobe."

Na mayar da taya, na sauke jak, na ƙara ɗaure notoci, na rufe murfin mai da bonet.

"Saura abu ɗaya," na ce. "Birkin yanzu fanko ne. Sai an yi ta taka shi har ya yi tauri kafin a motsa motar, in ba haka ba ƙafa za ta tafi har ƙasa babu abin da zai kama."

"Kai za ka koya mini?"

"To ai ka ce ba ka taɓa taka birki ba. Na ce ko ba ka san inda yake ba."

Ya zagaya ya buɗe gefen direba ya zauna. Ya taka, ƙafar ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa, ya sake. Bangon baya yana yin ja yana ɗaukewa, wannan karon ina ganin ƙafar da ke yi. A hankali birkin ya ɗauko, har ya tsaya masa a sama.

"Ya yi tauri," ya ce.

Amma bai fito ba. Ya riƙe sitiyarin da hannu biyu, yana kallon gaba, inda babu komai sai ƙofar rumfa da baƙin hadari. Ya shafa sitiyarin, ya shafa giya, ya gyara madubin da ba ya ganin komai a ciki. Sannan ya fito.

Ya sake bin jikin motar da hannu, ta gaba, har gefenta. Ya buɗe ƙofar. Kujerar a matse take, gwiwoyinsa har suna dukan gaba, amma bai ja ta baya ba. Ya laluba da ƙafar dama har diddigensa ya faɗa cikin ramin.

"Daidai ni," ya ce.

Ya sa hannu a aljihu, ya jefo makullin ta saman motar. Bai ga inda nake ba, ya faɗi can kusa da bulo. Na ɗauka.

"Kar ka ɗauka kyauta ce," ya ce. "Ɗaukar aiki ce. Kullum la'asar. In ka makara na kore ka."

"Wa ya ce ina son kai ka zance wurin matata?"

"Za ka zauna a mota ka toshe kunne. Ka riga ka ƙwace mace, ga mota ka ƙwace. Saura me? Haƙorana?"

"Riƙe abinka, guda nawa ne ma."

Na janye bulo, na shiga, na tada ta. Ruwan ya fara sauka ɗigo-ɗigo, manya-manya, a kan gilashi. Na fito da ita daga rumfa a giya ta ɗaya, ko tafiyar mai ƙafa ba mu kai ba. Gwaggo tana tsaye a ƙofar maƙwabta da mayafi a ka. Ta dube ni a kujerar direba, ta dubi babanta a ɗaya gefen, ta sa hannu ta rufe baki.

Muna dosar ƙofar gida, inuwar ginshiƙin ƙofar ta faɗo masa a ido.

"A hankali!" ya daka mini tsawa. Ya miƙe ƙafa ya danna ramin nan da dukkan ƙarfinsa, har bayansa ya bar kujera.

Motar ko gezau ba ta yi ba. Ta ci gaba da gangarawa abinta, sai da na ɗora ƙafata a kan birki sannan ta tsaya, a miƙe, shiru, ba ta ja dama ba, ba ta ja hagu ba.

Ya zauna yana haki. Ya sake danna ramin, a hankali wannan karon, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ya san babu kowa a ciki.

"Ta tafi," ya ce.

"Ta kwanta."

Sai ya fashe da dariya, irin wadda take girgiza masa kafaɗu, ruwa yana bin kumatunsa yana gogewa da hannun riga.

"Ka ga ja'irar mota! Ita in ta taka a tsaya, ni na taka ko a jikinta!"

"Ai sai ka yi shekarun da ta yi kana takawa. Ka fara yau."

"Na ji, ka ci wannan. Ja mu je in kai mata ƙararka." Ya gyara diddigensa a cikin ramin. "Kuma Lagwani, don Allah, a hankali."